Kwana Biyu a Kumasi

Tanimu, labari ya iso:
Turawa sun maido maka fasfo babu hatimi.
Takardar nan da ka tsara ta kwana uku a birninsu,
gada kaza, gidan tarihi kaza, kwale-kwale kan ruwan sanyi,
ninke ta, sa a aljihun baya.
Guzuri dai bai ƙone duka ba. Taho Kumasi.
Kwana biyu gare ka? To, kasa kunne.

Kada ka zo da babbar jaka,
torotoro ba ya ƙaunar mai kaya.
Zo da takalmin da ba ka tausayi,
da lema, don hadarin nan ba ya sallama.

Asubar fari kar ka karya a masauki.
Bi ƙamshin kanumfari zuwa kwanar Aboabo,
wurin Fusaina mai koko.
Cittarta za ta kama ka da kokawa a maƙogwaro,
ƙosai ya raba ku.
In ka ji ta ce "'yata ya tafi makaranta",
kada malantar Kano ta motsa maka.
Hausar nan ta yi wata uku a ƙasa, bayan jakuna,
dole ta sauke wasu kaya a hanya kafin ta iso.

Da hantsi, Kejetiya.
Ba a fita ta ƙofar da aka shigo,
za ka ɓata, ɓatan kuwa shi ne yawon.
Layin atamfa, layin bandar kifi,
dodon koɗi kamar dunƙulen hannun maƙeri.
In 'yar dako ta yi tsawa a bayanka, kauce,
kwanon da ke kanta ya fi ka nauyi.
Kar ka miƙa kuɗi da hagu.
Kar ka taya abin da ba ka da niyya,
matan Asante ba sa mance fuska.
Kalma guda ka haddace: medase.
Na gode ke nan. Wata rana takan rage sidi biyu.

Azahar, shinkafa da wake a ganye.
Baƙin yajin nan, taɓa kaɗan.
Na ce kaɗan.

Gab da magariba ka tsaya kusa da gidan namun daji,
ba sai ka biya ba, ɗaga kai kawai:
jemagu za su tashi daga itatuwa,
dubu kan dubu, kamar an kaɗe baƙin tabarma a sama.
Rufe baki in kana kallo.

Kashegari Asabar.
Za ka ga gari cikin ja da baƙi, ganguna na tashi.
Makoki ne, ko da yake ya yi kama da biki.
In an ba ka kujera, gaisa daga dama zuwa hagu,
kada ka tsallake tsohuwa.

Tafkin Bosumtwi ko masaƙan Bonwire,
zaɓi ɗaya, mai hawa doki biyu tsagewa yake.
Ni dai tafkin zan ce:
masunta kan falanki, suna tuƙi da hannu,
ruwa shiru kamar ya san wani abu.

Amma ka rage mini sa'a guda kafin motarka ta cika.
Zan kai ka maƙabartar Tafo,
can gefe, inda ciyawa ta fi ƙarfin masu shara.
Babu allo, ni na san wurin.
Kakanmu Sambo ke nan,
da ya zo sarin goro da jaki huɗu,
ya ce wa mai masaukinsa kada a wahala da shimfiɗa,
kwana biyu kawai zai yi.