Tsohon Kekena

Shekara uku, addu'ata guda ce:
injin aikin wuya irin na Istifanus,
shago na uku daga nawa, nan Sabon Gari.
Na yi azumi a kansa. Na ƙara baiko,
kamar mai ciniki da Sama.

Ran Laraba ya ce in zo in taɓa.
Na zauna, na taka, allura ta yi ta gudu,
zare na zuba fure a wuyan riga,
ni kuwa zuciyata shiru
kamar Kantin Kwari da tsakar dare.
Ashe ba ƙarfen nake so ba.
Gaisuwar da ake masa a ƙofar coci,
ita nake ta yi wa azumi.

Na koma gida a ƙasa,
kunya ta ishe ni kaya.

Babu wuta. Afiniki ta kunna fitila,
ta raba gurasa uku ga baki huɗu,
ban san yadda ta yi ba, kowa ya ƙoshi.
Auta ta yi barci kan tarin ƙyallaye.

Yesu, kai da ka riƙe zarto
tun kafin taro ya san ka,
yau ban zo da lissafin buƙata ba.
Ka sheƙe mini muradina,
ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna,
ko da cikin tafi ɗaya ce.

Tsohon kekena yana tari, amma yana ɗinki.
Gobe akwai wandon makaranta shida.
Da safe zan ɗiga masa mai.