Mai Usur a Gindin Mbula

Asabar, an idar da asuba,
mu sha tara a gindin Mbula,
raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando,
Dass na bayanmu tana hura wutar koko.
Ni aka rataya wa usur,
ba don na fi kowa ƙafa ba,
sai don ranar zaɓe na makara.

Zailani ya duba agogo sau uku.
Igiya a kafaɗa, ta gwanjo ce daga Wunti.
Shi da yaransa biyar
ba sa kallon ƙasa sai za su ɗaure takalmi.
"Kafin rana ta taɓa tsinin can,
mu riga ta."

Rifkatu kuwa likita ne ya turo ta.
Hawan jini, in ji shi, tafiya ke saukar da shi.
Ta ce hawa ɗaya ya ishe ta,
ba ta zo ƙaro wani ba.

Baba Inusa ya yi shekara talatin
yana huda tikiti a jirgin ƙasa.
Yanzu kowace bishiya tasha ce:
ga taura, ga tsada, wannan kanyar ta tsufa,
sai ya tsaya, ya dafa ta, ya tambayi mutan gida.

Muka tashi a dunƙule kamar curin fura.
Kafin dutse na biyu an dama mu.

Na busa sau ɗaya: na gaba su jira.
Suka jira a tsaye, suna tafasa.
Na busa sau biyu: na baya su ɗaga ƙafa.
Baba Inusa ya ɗago min hannu,
ya zaci gaisuwa ce.

A kan falalen nan mai kama da faifai
maganar asusu ta tashi,
ɗari biyar-biyar na wata shida.
Zailani ya ce sabuwar igiya da hular kwano,
Rifkatu ta ce tabarma da babban filas.
"Ku ai shan iska kuka zo."
"Ku kuma me kuka ajiye a can sama
da kuke gudun kada a riga ku ɗauka?"
Kowa ya juyo yana kallon usur
kamar shi ne alƙali.

Na ce to, a raba.
Masu tsini su tafi, masu inuwa su zauna,
sha ɗaya da rabi a haɗu a nan.
Ni na tsaya tsakani,
kunne ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
ina ƙirga kawuna kamar mai kiwon awakin mutane.

Sha biyu ta gota suka sauko.
Gwiwar Zailani ta ƙuje, leɓe ya bushe,
ido kuwa sai walƙiya.
Rifkatu ta miƙa masa shayi a murfin filas,
sai da ya shanye ta ce, "Me ke can?"
Ya daɗe.
"Iska.
Da rufin asibitinku, kamar kwalin ashana."
Ta ɗaga kai, ba ta sauke da wuri ba.
Baba Inusa ya zuba masa tsada a tafi,
ya tsotsa, ya yamutsa fuska, ya ce a ina aka samo?
"Yau sau biyu ka wuce ta."

Kuɗin na nan, ba a sayi komai ba.
Biyu cikin yaran sun bar mu, wai mun cika nauyi.
Wata ta daina zuwa, wai mun cika gudu.
Wancan satin Rifkatu ta zo da kambas ɗin ɗanta,
ta ce dutse ɗaya za ta ƙara, kada a sa mata ido.
Zailani bai daina duba agogo ba.

Ni fa, shekara biyu ke nan
ban taka tsinin ba, ban zauna inuwar ba.
Falalen nan na san shi tsaga-tsaga,
har ƙadangaren wurin ya daina gudu in ya gan ni.
In na busa,
shi kaɗai ke gyaɗa kai.