Ƙofar Hagu

Motoci dubu uku a filin bayan Flint,
farare, baƙaƙe, jajaye kamar gauta,
dusar ƙanƙara ta naɗa musu rawani.
Taya sabuwa, kujera da ledarta,
ba wadda ta taɓa ko tari.
Abu guda suke jira:
'yar ƙwayar lantarki da ba ta kai farcena ba,
wadda ake toyawa a wani tsibiri
da ban taɓa gani ba sai a taswira.

Ni ne mai ɗaura ƙofar hagu.
Shekara tara, noti shida,
daƙiƙa hamsin da biyar kowace mota.
Ran Talata bel ya tsaya cak.
Shirun da ya biyo baya
ya fi ƙarar injin nauyi a kunne.
Orval, shugaban layi, ya tuɓe hular kwano,
ya ce, "Ku je gida, za mu kira."
Wata biyu ke nan wayata na azumi.

Bernadine mai fesa fenti
ta zauna kan akwatin sifana
tana ɓare lemo da sukundireba.
Ta ce kakarta a garin nan ta yi furfura,
kuma lokacin babban yaƙi
aka ture motocin shiga gefe
aka shiga ƙera tankoki.
"Hannun da ya iya mota ya iya garkuwa.
To yau in ganga ta yi ƙara,
wa za mu roƙa ya aiko mana da ƙwaya?
Wanda muke nuna wa bindiga?"

Ban tanka ba. Kakuri na tuna.
Babana, Tanimu mai walda,
ran da aka sallame su daga kamfanin haɗa motoci,
ya dawo da safar hannu a aljihu,
ya rataye ta a ƙusa, ba ta sake saukowa ba.
Daga nan muka zama masu leƙen teku,
muna tafa wa kwancen Turai.
Shi ya ce min zanen aro ba ya rufe katara.
Na haye ruwa don in tsere wa maganar,
ga ta nan ta riga ni sauka.
Abin da ya ci Doma
ashe har biza gare shi.

Mai shayin bakin get, wato Lucius mai kofi,
ya juya kujerunsa ƙafa sama.
Mai wankin kakinmu ya koma wajen 'yarsa.
Ashe bel ɗin nan ba motoci kaɗai yake ja ba,
har da fitilun titi da albashin malamai.

Da dare Juwairiyya, 'yata mai karatun injiniya,
ta ture littafi ta ce,
"Baba, ƙwayar ma ƙaramin zance ce.
Motar yanzu tana da ido, tana da kunne.
Ta san gidan da soja ke kwana,
ta san ƙarfe nawa yake fita.
In makullin gaske na hannun wani a ƙetare,
ya danna can,
motar asibiti ta mutu a kan gada nan."
Na dubi tsohuwar akwalata ta taga,
kurma ce, makauniya ce,
na ji ta ƙara shiga raina.

Jiya mai gadi ya bar ni na shiga filin.
Ɓeraye sun tare a ƙarƙashin bonet,
su ne fasinjojin farko.
Na share ƙanƙara da hannun riga,
na buɗe wata ƙofar hagu, na mayar.

Ƙif.
Ko iska ba ta samu hanya ba.
Nawa aikin ya cika.

Na tsaya da hannu a kan ƙarfe mai sanyi
ina sauraron gabas,
ko jirgin ruwa zai yi kuka.