Ruwan Buta

Ranar Talata suka zo daga Gadarif,
farar mota mai tambarin hukuma a ƙofa.
Suka shimfiɗa taswira a teburin makarantarmu,
suka danne kusurwoyinta da kofunan shayi
kada iska ta tafi da lardin gaba ɗaya.

Ni aka ce in tsaya a tsakiya,
ni malamin aji uku, mai harshe biyu:
Larabci ya shiga ta kunne,
Hausa ta fito ta baki.

Injiniya Intisar ta ɗora yatsa kan jan layi.
Ta ce nan kwalta za ta bi,
miƙe kamar igiyar magini,
daga kasuwar riɗi har babban titi,
tasha a nan, gada a can.
Ta ce, mun zo jin ta bakinku.
Na fassara. Ba wanda ya motsa.
Mun saba a zo a gaya mana,
ba mu saba a zo a tambaye mu ba.

Tanimu mai lori ya fara gyaran murya:
shi dai a buɗe kwanar injin niƙa,
buhu saba'in ya taɓa zubarwa a wurin.
Jibo mai amalanke ya ce in kwalta ta zo,
ina kofaton jakinsa zai taka?
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.
'Yan mata uku ta bayan taga
suka ce motar asuba suke so,
jarrabawa ba ta jiran mai tafiyar ƙasa.
Wani ya ce a ratsa ta gonar maƙwabcinsa.
Maƙwabcin ya miƙe, sai da aka riƙe shi.

Sai Ladingo ungozoma,
wadda ta yanke cibiyar rabin ɗakin nan,
ta ƙi duban takarda.
Ta ce takarda ba ta san damina ba.
Ta fita fili, muka bi ta.
Ta ja layi da sandarta,
ta tara ƙasa nan, ta kwarfe can,
ta ɗauki buta ta tsiyaya.
Ruwan ya ɗan yi shawara,
ya bar layin, ya karkata hagu,
ya kwanta inda ta ajiye takalminta.

Ta ce, ga tasharku nan.
Rani ne ya auna muku.
A watan takwas wurin nan kogi ne
mai kwana tara bai janye ba.
A bakinsa Hansatu ta haihu cikin amalanke,
muna hango fitilar asibiti a ƙetare.
Ɗan ya rayu.

Ta tsaya nan.
Na juya zan fassara,
na tarar sauran zancen ba shi da Larabci,
ba shi da Hausa ma.
Intisar ba ta jira ni ba.
Ta durƙusa, bakin mayafinta cikin laka,
ta kwafi hanyar ruwan buta da fensir
a gefen taswirar gwamnati.

Ba ta yi alkawari ba, ni shaida ne.
Ta ce kuɗin gada ɗaya ke hannu,
ƙauyuka goma sha ɗaya ke jira,
kowanne da tasa Ladingo.
Ta ce za su dawo da sabon zane
kafin a yanke dawa.

Na rubuta suna arba'in da shida,
masu sa hannu da masu dangwala yatsa.
Jibo ya dangwala sau biyu,
ɗaya nasa, ɗaya na jakin.

Yanzu zangarniya ta yi nauyi, ta sunkuya.
Duk sanda na goge allo
sai in leƙa hanyar Gadarif.
Damina ta wanke zanen Ladingo sau uku,
sau uku yara suka sake ja,
suka kewaye shi da duwatsu.
Ko ƙwallo ce ta faɗa ciki,
da hannu suke miƙawa su ɗauko.