Hawan Kibo

Haladu ya sayar da filinsa na Bukur,
ya sayo baƙar Marsandi, takardu da sunansa.
Ni kuwa haya na ɗauka, shekara biyu,
duk ƙarshen wata su yanki rabonsu.

Ya ce, "Tanimu, akuyar wani kake kiwo,
ranar yanka ko ƙaho ba za ka gani ba."
Maganar ta shige ni kamar sanyin Jos na asuba.

Ran da muke dawowa daga Akwanga,
a tsakiyar Hawan Kibo tasa ta yi tari,
jar fitila ta kunno, hayaƙi ya tashi.
Tawa ta haye kamar ta jiyo ƙamshin gida.
Na juyo, na ɗauke shi.
Bai ce uffan ba har Mararrabar Jama'a.

Wata uku tana kwance a Dilimi,
Jatau makanike na jiran wani ƙarfe daga Jamus,
kuɗinsa bijimi biyu.
Da jira ya ishe su, aka jawo ta gida da igiya.

Jiya yaron kamfani ya zo da takarda.
Ya duba mita, ya ƙirga karce a jikin ƙofa,
har wanda Ladidi ta yi da ƙusa
ran da ta iya rubuta sunanta.
Ya karɓi makulli. Na tari Keke Napep.

Mun wuce ta ƙofar Haladu,
ga shi da bokiti da soso,
yana wanke motar da ba ta tashi.
Ya ɗago mini hannu, kumfa na ɗiga.