Ɓarawon da Ba Ya Barin Sawu

Kwalba goma sha biyu nake jerawa kan benci
a bakin hanyar Ƙwanni, nan Tawa,
esanshi ja kamar shayin farko.
Da safe mai yana wuyan kwalba,
kafin la'asar ya sauko kafaɗa.

Na ɗora wa Arzika, ɗan ƙanwata.
Wa kuma? Shi ke zama in na tafi salla.
Na faɗa masa maganar da har yau
in na tuna ta, loma ba ta wuce mini.
Yaron bai ce uffan ba.
Ya goge mazurari, ya rataye, ya tafi.

Da dare Hamsatu na bitar karatun lise,
ta ji ina ta faɗa ni kaɗai.
Ta ce, Baba, ara mini faranti biyu.
Cokalin ruwa a ɗaya, cokalin mai a ɗaya.
Kafin in gama tauna goro
mai ya tafi, ko sallama babu,
ruwa na nan zaune kamar mai bin bashi.

Ta ce 'yan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu.
Na ruwa sun riƙe hannun juna gam,
na mai kuwa riƙon sakainar kashi suke wa juna,
zafi na taɓa su, na sama su tashi.
In ka toshe, su taru ƙarƙashin marfi suna turi.
Matsin tururi ke nan, in ji mushensu.
Shi ke kumbura wa jarka ciki da azahar,
shi ke huci in ka murɗe bakinta.
Tsumman da kake cusawa, Baba,
zana ce aka kafa wa iska.

Kuma man ba abu ɗaya ba ne,
gauraye ne, kamar kasuwar Lahadi.
Marasa kaya su ke fara watsewa,
masu nauyi su kwana a rumfa.
Sai na tuna 'yan kabu-kabu da ke cewa
man jiya ba ya tada moto da wuri,
ni ko ina ce musu rainin wayo.

Ta ba ni labarin wani ƙarfe mai laushi,
wuƙa na yanka shi kamar sabulu,
cikin kananzir ake ɓoye shi,
don ɗigon ruwa kaɗai ya ishe shi kama wuta.
Zinariya kuwa ta shekara ɗari a rijiya,
ta fito fuskarta ba ta sake ba.
Ta dube ni, ta mai da ido ga littafi.
Ban tambayi wanne ne ni ba.

Na sayi marafai masu murɗi, dala biyar biyar,
na ja benci gindin bedi,
na lulluɓe jarka da jiƙaƙƙen buhu.
Mai ya daina sauka.

Ran Juma'a na taka har Garkawa.
Na iske Arzika yana faci.
Na ce, rana ce, ɗana, ba kai ba ne.
Ya ce, ba komi, Kawu,
bai ɗago daga tayar ba.

Ina ta jiran maganar nan tawa ta bi iska.
Ashe cikin masu nauyi take,
waɗanda ke kwana a gindin kwalba.