Dunƙulen Zare

Ranar nan Malama Ulbosin ba ta zo da littafi ba.
Dunƙulen jan zare ta ciro daga aljihun kwat,
ta ce mu ture kujeru jikin bango,
mu yi da'ira, mu goma sha tara,
a ajin da tagarsa ke kallon rufin gidajen Nukus.

Kowa ta raɗa masa suna.
Sarsenbai ya zama Kogi.
Aijamal aka ce Gishiri, ta ɓata rai.
Jaksilik, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ne Kifi.
Ni kuwa Auduga ce ta faɗo kaina.

Zaren ya tashi daga hannun Kogi zuwa nawa,
daga nawa zuwa Albashi, zuwa Kasuwa,
ya ƙetara ya kamo Rijiya, ya kamo Tarin Yara,
ya dawo, ya sake dawowa,
har tsakar ɗakin ta koma saƙar gizo-gizo.

Ta ce: Auduga, ja.

Na ja kaɗan, kamar mai taɓa garwashi.
Kogi ya tako gaba.
Kifi ya saki nasa, ya zauna ƙasa, tsit.
Can gefe wata da ban ma san sunanta ba ta ce wash,
zare ya ci yatsarta.

Da tambaya ɗaya na shigo kwalejin nan:
wa ya shanye tekun kakana?
Jirginsa na nan a Moinak, zaune kan rairayi,
tsatsa na cinsa, awaki na shan inuwarsa.
Suna nake nema. Fuskar da zan nuna da yatsa.

Malama ta ce: bi zarenka, kar ka tsallake kowa.
Na bi. Ya ratsa magudanar ruwa, ya ratsa wani ofis,
ya ratsa bayan mahaifiyata, sunkuye a gona lokacin tsinka,
ya zo ya tsaya cak
a rasit ɗin kuɗin makarantata.

Na rasa ta cewa.

In ka saki, Albashi zai faɗi, in ji ta. In ka ja, ka dai gani.
To yaya zan yi?
Aikin zangon nan ke nan gaba ɗaya.
Ta duba agogo. Kar kowa ya saki tukuna.

Aka buga ƙararrawa muna riƙe,
zaren ya kwanta ya yi mini shaida a tafin hannu,
sai Jaksilik daga ƙasa ya ce:
Malama, mataccen kifi zai iya tashi? Ƙafata ta sage.